Adela Breton

Adela Catherine Breton (1849–1923) 'yar ƙasar Ingila ce, mai zane da fentin ruwa, wadda ta yi suna wajen kwafar tsoffin zane-zanen bango a Meziko. A garin Bath ta girma. Bayan rasuwar mahaifinta a 1887 ta shiga tafiye-tafiye da dukiyar da ta gada.

A 1900, bisa shawarar masanin kayan tarihi Alfred Maudslay, ta isa kufan birnin Chichen Itza na ƙabilar Maya. Zamanin kuwa hoton kyamara baƙi da fari ne, ba ya kama launi. Don haka takan auna bango, ta bi zanen layi-layi, ta haɗa fenti har ya dace da na asali, ga zafi ga zazzaɓi. Ta kuma yi aiki a Teotihuacan da Acanceh.

Rana da damina sun cinye da yawa daga waɗannan zane-zane, shi ya sa masana suke komawa ga kwafinta. Ta rasu a Barbados. Ayyukanta suna gidan tarihi na Bristol.