Bakolori: ambaliyar da aka tsare da kifin da ya rasa wurin ƙwai

Makalar wannan makon ta shafi wani tarihi da ke kusa da mu ƙwarai, musamman mu da muka tashi muna tsallaka Gulbin Sakkwato a Gusau da Bunguɗu.

Gulbin ya taso daga wajen Funtuwa, ya ratsa Gusau da Bunguɗu, sannan ya faɗa tafkin Bakolori kusa da Talatar Mafara. Kamfanin Impresit na Italiya ne ya gina madatsar, aka kammala ta a 1978, lokacin muna cikin tsohuwar Jihar Sakkwato. Babbar manufarta noman rani ce, amma an haɗa mata ƙaramar tashar lantarki mai megawat 3. Lantarki daga ruwa, ba hayaƙi, ba man dizal. A takarda abin ba shi da aibu.

Abin da aka fi tunawa shi ne Afrilun 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari, lokacin da 'yan sanda suka buɗe wuta kan manoman da ke neman diyyar gonakinsu. An rasa rayuka da dama, kuma har yau ana saɓani kan adadin. Ya kamata a ci gaba da rubuta wannan. Sai dai akwai wata asarar da ba ta yi ƙara ba, shi ya sa alƙalumanmu suka wuce ta.

Kafin madatsar, kowace damina gulbin kan cika ya malala cikin fadama. Mu 'yan birni da mun ji kalmar ambaliya sai mu ce Allah ya kiyaye, amma ga fadama wannan malalar ita ce rayuwa. Da ruwa ya hau, tarwaɗa da karfasa da kurungu sukan bi shi cikin ciyawa su yi ƙwai, 'ya'yan su girma a ruwa marar zurfi inda abinci ya yawaita. Idan ruwan ya janye, sai ya bar tafkuna cike da kifi ga Sarkawa, danshi ga mai shinkafa da mai albasa, ɗanyar ciyawa ga shanun Fulani, da abin tsinta ga zalɓe da kirinjijiya. Madatsar ta riƙe ruwan farkon damina don ta cika cikinta, sai ambaliyar ta ragu, kuma ta riƙa zuwa ba a kan kari ba. Masanin nan ɗan Ingila, William Adams, ya bi ƙauyukan da ke ƙasan madatsar a farkon shekarun 1980, ya tarar noman shinkafa ya ja baya, mutane sun koma gero da dawa, kamun kifi ya faɗi, masunta da yawa sun bar sana'ar ko sun yi ƙaura. Ba wanda ya zuba guba a ruwa. Kalandar gulbin kawai aka birkita.

To, ana gyara irin wannan? An taɓa yi. A arewacin Kamaru, madatsar Maga ta 1979 ta busar da fadamar Waza-Logone, amma a 1994 aka buɗe wata kafa a shingen ruwan don ambaliya ta koma, ciyawa da kifi da tsuntsaye suka fara dawowa. Dabarar ba ta wuce a saki ruwa da gangan a lokacin da gulbin ya saba malala ba, ko da tafki zai ɗan ragu. Mu kuwa sai a 1992 Najeriya ta yi dokar da ta wajabta auna tasirin babban aiki kan muhalli kafin a fara shi, shekara 14 bayan an gama Bakolori.

Dalilin tono wannan shi ne yanzu zancen sola da lantarkin iska ya cika ko'ina, kuma muna maraba, don mun gaji da duhu. A Lambar Rimi ta Katsina an kafa injinan iska 37. Irin waɗannan injina sun fi son tudu da kan dutse, nan ne kuma manyan tsuntsaye ke shawagi. A Tarifa, kudancin Sifaniya, fukafukan injin sun kashe ungulu da yawa, har aka sa masu sa ido suna tsayar da injin idan garken ya doso, mace-macen suka ragu sosai ba tare da an yi asarar lantarkin kirki ba.

Duk wanda ya taso daga Tsafe zuwa Gusau yana wuce Dutsen Kwatarkwashi, wanda tarihinsa ke haɗe da maiki, har da tsohuwar al'adar kamun maiki. Idan wata rana aka zo auna iskar wurin, takardar kwangila ba za ta san watan da maiki ke sheƙa ba, kamar yadda ta Bakolori ba ta san watan ƙwan tarwaɗa ba. Tsofaffin Kwatarkwashi da Sarkawan Bunguɗu sun sani, kuma galibin abin da suka sani ba a rubuta shi da Hausa ba tukuna.