Keke a Fuskar Zaure: Gyara ga Masu Fassara Zayyanar Gidajen Hausa

Tarihin ginin ƙasa a ƙasar Hausa, tun daga masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarim har zuwa gidajen Birnin Damagaram, magabata sun wadatar da mu a kansa (Moughtin 1985, Dmochowski 1990). Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani ra'ayi da ke neman zama karɓaɓɓe a azuzuwan fasaha da kundayen ɗalibai, wai kowane zane da ke fuskar gida alama ce mai ma'ana guda tabbatacciya: dagi haɗin kai, takobi jihadi, murabba'i kuma hatimin tsari. Bisa wannan fahimta, aikin mai nazari bai wuce ya jera zane a hagu, fassararsa a dama ba. Ina ganin wannan hanya tana tauye hakkin magina, tana kuma rufe mana ido daga abin da bangon yake nunawa a fili.

Hujja mafi ƙarfi da masu wannan ra'ayi suke riƙe da ita ta samo asali ne daga littafin Labelle Prussin, Hatumere (1986), inda ta danganta tsarin zane a Afirka ta Yamma da hatimin malamai da rubutun Larabci. Aiki ne mai nauyi, kuma wanda ya taɓa duban allon zayyana na mai saukar Alƙur'ani ba zai musa dangantakar ba. Sai dai kamannin siffa ba ya tabbatar da cewa manufa ɗaya ce. Laya ɗinke ta ake yi cikin fata, a rataya ko a binne, domin sirri ne ginshiƙinta. Fuskar zaure kuwa titi take kallo, an yi ta ne domin mai wucewa ya tsaya ya tambaya gidan wane ne. Da wuya a ce abin da aka yi don ɓoyo da abin da aka yi don nuni suna ɗauke da saƙo guda, ko da hannu ɗaya ya zana su.

Za su ce, to dagi fa, wa bai san alamar haɗin kan Arewa ba ne? Dagi ya daɗe a aikin allura na manyan riguna da aikin dukanci kafin siyasar zamanin Sardauna ta mai da shi tambarin yanki. Wanda ya ga dagi a bangon da ya girmi waccan siyasa, ya karanta masa haɗin kan Arewa, ya ɗora wa magini maganar da ba a fara yi ba a zamaninsa. Mafi kusa da hankali shi ne magini ya ɗauko shi daga wuyan riga, kamar yadda ya ɗauko sauran ƙulle-ƙulle, domin fuskar gida ita ce babbar rigar mai gida: a nan ake gane wadatarsa da matsayinsa.

Inda ra'ayin ya fi yin rauni shi ne zanen keke, mota, agogo da jirgin sama da suka bayyana a bangayen Zariya, musamman bayan zuwan jirgin ƙasa da bunƙasar cinikin auduga da gyaɗa. Tun da ba su da gurbi a jerin fassarar, sai a kira su gurɓacewar al'ada, a kau da kai. Ni kuwa a wajena su ne shaida mafi bayani. Magini ya sa keke kusa da takobi, cikin iyaka ɗaya, da kwarmi da tudu iri ɗaya, bai ga saɓani ba. Idan keke yana cewa mai gidan nan ya samu, to akwai dalilin zaton takobin ma, a wannan bangon, yana magana ne a kan daraja fiye da yaƙi. Sauyin kayan aiki ma ya taka rawa: tudun laka da aka shafe da makuba yana son lanƙwasa mai kauri, sumunti kuwa ya ba da damar karce siraran layuka da shafa fenti kala-kala. Sau da yawa abin da ake kira sabuwar ma'ana sabon kayan aiki ne ya haife shi.

A nan ya wajaba in taƙaita da'awata. Shaidar da nake dogara da ita ta shafi fuskokin waje na gidajen Zariya a tsakiyar ƙarni na 20, waɗanda aka fi tattara bayaninsu (Kirk-Greene 1963, Schwerdtfeger 2007). Ba zan miƙa hukuncin zuwa zayyanar cikin masallacin Juma'a ko sorayen fada ba, inda mai kallo daban ne, mai sa aikin daban, kuma hasashen Prussin yana iya samun gindin zama. Abin da nake ƙi shi ne a ɗauki fassarar wuri guda a shimfiɗa wa dukan ƙasar Hausa.

Don haka kafin ɗalibi ya ce zane kaza na nufin kaza, ya fara da tambayoyi uku: wa ya biya kuɗin aikin, a wane sashe na gidan aka yi shi, da wane kayan aiki kuma a wane zamani? Amsoshin suna bakin tsofaffin magina da iyalan sarakunan magina, da sunayen da su kansu suke kiran zanukan. Gidajen suna rushewa, bulo yana maye gurbin tubali, don haka sassan nazarin fasaha da na gine-gine a jami'o'inmu ya kamata su tura ɗalibai wajen waɗannan dattawa da na'urar ɗaukar magana tun suna raye, a rubuta abin da suka faɗa kafin a ɗora masa fassara.