Daga ungozoma zuwa likitan mata: tarihin tazarar haihuwa a Damagaram

Duk wanda ya ce tazarar haihuwa baƙuwa ce a Damagaram, bai zauna da kakarsa ba. Tun kafin Nasara su ci Zinder a 1899, macen da ta ɗauki ciki tana goyo cewa ake ta yi kwanika, kuma kunyar har da mijinta. Shekara biyu na shayarwa da addini ya ambata su ne ma'auni. Ilimin kuwa yana hannun tsofaffi da ungozoma, in haihuwa ta gardama a nemo wanzami. Sun san tazara sarai. Abin da ya fi ƙarfinsu shi ne macen da jini ya ɓalle mata, ko yarinyar da ta kwana uku tana naƙuda har ta tashi da yoyon fitsari.

Likitan boko ya zo, amma da takunkumi a baki. A 1918 Faransa ta buɗe makarantar likitanci a Dakar, inda ake horar da ƴan ƙasashenmu mataimakan likita da ungozomomin asibiti. Shekara biyu bayan haka, a 1920, ta kafa dokar da ta haramta yaɗa hanyoyin hana ɗaukar ciki, dokar kuma ta biyo ta har ƙasashen da take mulka. A 1926 aka ɗauke babban birni daga Zinder aka kai Yamai. Abin da ke ba ni mamaki shi ne, Faransa ta sassauta dokar a gidanta tun 1967, mu kuwa muka ci gaba da riƙon ta bayan ƴancin kai, sai a 1988 gwamnatin Nijar ta halatta abin. Wato shekara 28 muna da tutarmu, likitanmu bai da hurumin yin aikin a sarari, balle a zurfafa masa karatunsa.

Daga nan aka ɗan yi sauri. A 2006 aka yi dokar lafiyar haihuwa, maganin tazara ya zama kyauta a asibitin gwamnati. A jihar Damagaram ne kuma aka fara Makarantar Mazaje, inda magidanta ke zama su tattauna lafiyar matansu, har wasu ƙasashe suka kwaikaya. Duk da haka ƙidayar lafiya ta 2012 ta nuna matan jiharmu sun zarce matsakaicin ƙasa, wanda ya kai haihuwa 7.6.

Ba da ƙwaya ko allura ba shi ne mai wuya ba, ungozomar asibitin ƙauye tana yi. Mai wuyar ita ce mace mai hawan jini, ko mai sikila, ko wadda aka yi wa fiɗa sau uku, wadda wani cikin kan iya zama ajalinta, kuma ba kowane magani jikinta zai ɗauka ba. A Amurka irin wannan fanni ne mai zaman kansa, likitan mata kan ƙara shekara biyu a kansa bayan ya gama ƙwarewarsa. Mu nan sai 2010 Zinder ta samu jami'arta, wadda yanzu take da sashen likitanci.

Iyaye da yawa na gaya mani ba su son namiji ya duba matansu, kuma ban ga laifinsu ba. Sai dai likita macen da suke nema tana bukatar shekara bakwai ko fiye bayan ta ci baka, da wasu huɗu na ƙwarewa. Yanzu haka tana aji shida a ɗaya daga cikin makarantunmu, ana shawarar ko a bar ta ta shiga kwaleji.