Yadda Takardar Aure Ta Zama Madogarar Masu Neman Tushe a Ireland

Ingila ta fara rajistar haihuwa da aure da mutuwa a 1837, amma Ireland, wadda take ƙarƙashin mulkinta a lokacin, sai a Afrilun 1845 aka waiwaye ta. Ko a nan ma rabi da rabi aka yi. Dokar ta shafi auren waɗanda ba Katolika ba ne kaɗai, wato Furotesta da Yahudawa da masu ɗaura aure a ofishin rajista. Katolika kuwa, waɗanda su ne mafi rinjaye a tsibirin, an bar aurensu a littattafan limaman cocinsu.

Sai ga shi shekarar ta zo da masifa. A 1845 ɗin ne cuta ta faɗa wa dankalin Turawa, abincin talakan ƙasar, aka shiga yunwar da ta ci rayuka kusan miliyan ɗaya, wasu kamar haka kuma suka yi ƙaura zuwa Amurka da Kanada da Birtaniya. Waɗanda suka fi mutuwa da waɗanda suka fi gudu su ne dai waɗanda hukuma ba ta rubuta aurensu ba. Sai ranar 1 ga Janairun 1864 aka shigar da kowa, aka haɗa har da haihuwa da mutuwa. An raba ƙasar gunduma-gunduma bisa tsarin kula da matalauta, kuma galibi likitan asibitin shan-magani na yankin shi ne mai rajista.

Abin da ya ɗaga darajar waɗannan littattafai gobara ce. Ranar 30 ga Yunin 1922, a farkon yaƙin basasa, ma'ajiyar takardun gwamnati da ke Four Courts a Dublin ta ƙone, ta tafi da kusan duk takardun ƙidayar 1821 zuwa 1851 da ɗimbin littattafan cocin Angilika. Takardun ƙidayar 1861 zuwa 1891 kuwa tun kafin nan hukuma ta lalata su da hannunta. Rajistar aure ta tsira saboda a wani gini daban take.

Cikin takardun rajistar uku, wato haihuwa da aure da mutuwa, ta aure ce ta fi kai mai bincike nesa. Tana ɗauke da sunan ango da amarya, da sana'a, da ƙauyen da kowannensu yake zaune, da shaidu, sannan da sunan mahaifin kowanne da sana'arsa. Wanda ya yi aure a 1864 yawanci an haife shi wajen 1840, mahaifinsa kuwa tun farkon ƙarnin. Ke nan layi guda ya tsallaka da kai zuwa kafin yunwa. Sunan ƙauyen ma ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da Murphy da Kelly suka yi yawa kamar Musa da Audu a Kano.

Tana da nata aibun. A gurbin shekaru sau da yawa sai a rubuta cewa mutum ya kai munzali kawai. Wanda bai iya rubutu ba alamar X yake yi, ba shi da halin gyara sunansa in an ɓata, shi ya sa O'Brien yake komawa Brien a wani shafin. Mafi ciwo a ganina shi ne rashin sunan uwa, wanda ba a fara sawa a Jamhuriyar Ireland ba sai 1956.

Bayan raba tsibirin, takardun larduna shida na Arewa suka koma Belfast. Babban ofishin Jamhuriyar ya ƙaura zuwa Roscommon a 2005, kuma daga 2016 aka fara ɗora hotunan littattafan a intanet kyauta. Aure sai ya cika shekara 75 ake sakinsa, haihuwa 100, mutuwa 50.