Daga Ƙofar Dumi zuwa Sashe na 26: Wa Ke Raba Baƙo da Iyalinsa?

Tun da Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025 ake zullumi a gidajen da aure ya haɗa Nijar da Najeriya. In aka tsaurara dokar shige da fice gobe, ina makomar mutumin Maraɗi da ya yi aure a Bauchi, 'ya'yansa ba su san wani gari ba?

A da, tsaron shige da fice aikin ƙofa ne. Ganuwar da Sarki Yakubu ya kewaye Bauchi da ita tana da ƙofofi irin su Ƙofar Dumi da Ƙofar Ran. Baƙo ya shigo, ya sami mai masauki, mai unguwa ya san da zamansa, in ya yi aure ya zama ɗan gari.

Da yawa suna ɗora laifin raba dangi a kan iyakar da Ingila da Faransa suka shata. Ban yarda ba. An shekara da shekaru ana tsallake ta zuwa biki da ta'aziyya. Gwamnatocinmu ne ke yin ɓarnar, duk lokacin da aljihu ya matse ko siyasa ta yi zafi. A 1969 gwamnatin Busia ta kori baƙi daga Gana, har da Hausawan zango haifaffun can. A 1983 gwamnatin Shagari ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su tattara.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin Borno, ɗan jam'iyyar GNPP. A Janairun 1980 jami'an shige da fice suka ɗauke shi daga Maiduguri suka ajiye shi a Cadi, wai mahaifinsa mutumin can ne. Mutum da matansa da 'ya'yansa da kujerar da jama'a suka zaɓe shi a kai! Babbar Kotun Maiduguri ta ce mahaifiyarsa 'yar Najeriya ce, don haka shi ɗan ƙasa ne, ta soke korar.

Uwa ce ta cece shi, amma har yau doka ba ta ba mace haƙƙinta ba. Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin gida, sai dai ga ɗan ƙasa. Sashe na 26 kuwa ya ba baƙuwar da ta auri ɗan Najeriya damar rajistar zama 'yar ƙasa, bai ba baƙon da ya auri 'yar Najeriya ba.

'Yan majalisarmu na Bauchi, ku kai gyaran Sashe na 26 Abuja.