Bado: Furen Da Kakanninmu Suka Ci A Shekarun Yunwa

Shirin yau a tsakar gidanmu na Unguwar Sarki ya samo asali. Ƙanwata ce ta sa hoton wani fure a wayarta, tana ta yabon "furen Indiya". Kakarmu ta karɓi wayar, ta ƙura masa ido, ta ce, "Ke 'yar nan, wannan ai ɗan'uwan bado ne. Mun ci shi har ya ishe mu."

Kuma da gaskiyarta. Na Indiya ganyensa yana ɗagowa sama da ruwa, namu kuwa a kwance yake kan tafki. Farin furensa da dare yake buɗewa, rana na yin zafi ya rufe.

To me ya kai mutane ga cin bado? Yunwa. Ƙasar Hausa ta ga Kakalaba a 1913 zuwa 1914, ta ga 'Yar Buhu a 1927, da 'Yar Gusau a 1942, sannan farin 1973. Kaka a wajen Haɗeja ta tashi, tana yarinya aka yi 'Yar Gusau. Ta ce idan rumbu ya ƙare, mata kan shiga fadama ruwa har ƙirji su tsinko kawunan bado. A shanya, a sussuka, 'ya'yan su fito ƙanana ƙwarai, a daka a yi kunu ko tuwo. Saiwar kuma a tono ta cikin laka a dafa ko a gasa. Na ce, "Kaka, da daɗi?" Ta yi shiru, can ta ce matsattsaku da suka maƙale mata a ƙafa ta fi tunawa.

Abin da ya ba ni mamaki, ba mu kaɗai ba ne. Herodotus, wani Bagirke da ya yi rubutu kan Masar sama da shekara 2,400 da suka wuce, ya ce mutanen bakin Kogin Nilu kan shanya shi su daka su yi burodi, su kuma ci saiwar. Kusan yadda Kaka ta faɗa. Wani likita Bature, Dalziel, shi ma ya saka bado a ƙamus ɗinsa na tsirran Hausa a 1916.

Ni dai abin da ke damuna, tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika fadamun Haɗeja da Nguru ta canja, ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa da yawa. A birane kuwa kududdufai ake cikewa ana gini. Ga tsadar hatsi kowa na gani.

Na tambayi abokaina shida a majalisarmu wa ya san yadda ake sarrafa bado. Ɗaya ne kawai ya taɓa jin ana cinsa. Idan akwai tsohuwa a gidanku, ku tambaye ta yau, ku turo mana abin da ta ce.