Yadda Kogin Nilu da Jiƙaƙƙen Yashi Suka Kai Duwatsun Fir'auna Giza

A shekarar 2013, masu haƙar kayan tarihi ƙarƙashin wani Bafaranshe, Pierre Tallet, suna aiki a Wadi al-Jarf, tsohuwar tashar jiragen ruwa da ke gaɓar Bahar Maliya, sai suka ci karo da guntayen takardu a bakin wasu ramukan ajiya da aka sassaƙa cikin dutse. Takardun irin waɗanda ake yi da wata ciyawar bakin Nilu ne, kuma har yau ba a gano rubutattun takardu irinsu da suka girme su ba a Masar. Sun kai shekara 4,500.

Mai rubutun sunansa Merer, shugaban wani rukunin ma'aikata kusan 40, a ƙarshen mulkin Fir'auna Kufu. Kullum sai ya rubuta aikin da suka yi. Yau sun yi lodin farin dutse a mahaƙar Tura, a tsallaken kogi ta gabas; gobe sun tuƙa jirgi zuwa Giza, inda ake gina dalar Kufu; sun kwana a wani wuri da yake kira Tafkin Kufu; sun sauke kaya sun juyo. Cikin kwana goma sukan yi sawu biyu ko uku. Har sunan mai sa ido kan aikin ya kawo, wato Ankhhaf, ɗan'uwan Fir'auna.

Mutane da dama idan suka ga hoton dalar Giza sukan ce wannan ba aikin ɗan Adam ba ne, sai dai aljannu ko Samudawa. Mamakin nasu yana kan hanya. Tsawon dalar Kufu ya kai kusan mita 146 lokacin da aka gama ta, kuma an ƙiyasta ta ci duwatsu miliyan 2.3, kowanne ton biyu da rabi a tsakatsaki. Amma ga shi ɗaya daga cikin masu aikin ya bar bayanin yininsa da hannunsa, kuma abin da ke ciki jirgi ne da lodi da mashigar ruwa.

Mafi yawan duwatsun ba su yi wata tafiya mai nisa ba, a nan Giza aka fasa su, kusa da wurin ginin. Masu zuwa daga nesa su ne farin dutsen Tura da aka yi wa dalar riga da shi, sai kuma jan dutse mai tauri na Aswan, mai nisan sama da kilomita 800 ta kudu. Da shi aka rufe saman ɗakin kabarin sarki, kuma wasu falalen sun haura ton 50. Babu dabbar da za ta jawo wannan nauyi daga Aswan ta ƙasa. Nilu ne ya ɗauka. A wancan zamani, kowace shekara, daga wajen Yuli zuwa Oktoba, kogin yakan cika ya malale gonaki, Misirawa kuwa suka haƙa mashigai da tafkuna don ruwan ya kai jirage kusa da gindin tudun Giza. A haikalin Sarauniya Hatshepsut da ke Deir el-Bahari, wanda aka gina kusan shekara dubu bayan Kufu, akwai zanen wani ƙaton jirgi ɗauke da dogayen ginshiƙai biyu na dutse, ƙananan jirage 27 suna jansa a sahu uku.

Daga bakin ruwa kuma sai ƙarfin damtse. Dutsen akan ɗora shi ne a kan wani faffaɗan katako mai shimfiɗaɗɗun ƙafafu biyu, ba taya, a ɗaure shi tamau da igiya, maza su ja. Taya ba za ta yi rana a nan ba, nutsewa za ta yi cikin yashi.

Zanen da ya fi kowanne bayyana wannan aiki an yi shi ne cikin kabarin wani gwamna mai suna Djehutihotep a Deir el-Bersha, wanda ya rayu wajen shekara 1,850 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). An zana maza 172 a sahu huɗu suna jan wani gunki da masana suka ƙiyasta nauyinsa da ton 58. Wani mutum na tsaye a cinyar gunkin yana tafa hannu don a riƙa fizga tare. Wani kuma na tsaye a bakin katakon, riƙe da tulu, yana tsiyaya ruwa a gaba. An daɗe ana ɗaukar wannan zuba ruwa a matsayin wata al'ada ta bauta. A 2014 masana kimiyya a Jami'ar Amsterdam, ƙarƙashin Daniel Bonn, suka gwada abin. Busasshen yashi taruwa yake yi a gaban katako ya zame masa tudu. Idan aka jiƙa shi daidai, ƙwayoyinsa sukan manne ya yi tauri, ƙarfin da ake bukata ya ragu da kusan rabi. Idan kuma ruwan ya yi yawa, aiki ya lalace. Duk wanda ya taɓa tafiya a bakin gulbi ya san inda ƙafa ke nutsewa da inda take samun matsaya. Ashe mai tulun nan shi kaɗai yana sauke nauyin mutane da yawa.

Hawa da dutsen sama shi ne inda masana ke ja-in-ja har yanzu: wasu sun ce miƙaƙƙiyar hanya mai tudu aka yi da ɓaraguzai da laka, wasu sun ce tudun kewaya ginin yake yi yana hawa. A 2018, a mahaƙar Hatnub, ayarin Yannis Gourdon da Roland Enmarch ya gano wata hanyar hawa mai tsananin gangara ta zamanin Kufu, da matakala a hagu da dama, da ramukan da aka kafa turaku. Igiya ake naɗawa a turakun, wasu su ja daga sama, wasu daga ƙasa, dutse ya hau ba tare da ya sulluɓo ba.

Su wa suka yi wannan wahala? Kudu da dalar, Mark Lehner ya tono garin ma'aikata guda, da gidajen burodi da ɗakunan kwana da tulin ƙasusuwan shanu da tumaki da awaki da aka yanka musu. Rukunonin suna da sunayen da suke alfahari da su, har sun rubuta su a jikin duwatsu, irin su "Aminan Kufu". A 1990 aka gano maƙabartarsu, wadda Zahi Hawass ya jagoranci tono ta. Ƙashin bayan da yawa daga cikinsu ya nuna cin da ɗaukar nauyi ya yi masa, wasu kuma an ga karayar da aka ɗora ta warke lafiya. An binne su ne dab da dalar sarkinsu, da tulunan abinci a gefensu, gatan da ba a yi wa bawa a Masar ta wancan zamani.